Jama'a, me za mu kira monastery da Hausa?

Don Allah masu Hausa ku zo ku raba gardama. Monastery dai shi ne wurin da wasu Kiristoci ke keɓe kansu don ibada. Watan Disamba na je wani tsohon monastery, Glendalough, a yankin Wicklow na ƙasar Ailan, sanyi kamar zai cire wa mutum kunne, ciyawa duk ta daskare tana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin takalmi, ga rana tun wajen ƙarfe 4 ta fara haramar faɗuwa. Na tura wa Hajiyarmu hoto, ta ce "kai kuma ina ne nan, maƙabarta ka je?" sai na yi turus, don kaburbura kam ga su nan birjik, amma ai ba shi kenan ba.

Wani waliyyin Kiristoci, Kevin, shi ya kafa wajen a ƙarni na 6, ya bar mutane ya shige kwarin don ibada, almajirai suka bi shi har abu ya zama gari guda, da coci-coci da hasumiyar dutse mai tsawon kusan mita 30 wadda ƙofarta ke sama da ƙasa da fiye da mita 3, sai da tsani. Sojojin Ingila suka rusa garin a 1398.

Wani ɗan'uwa ya ce a ce zawiya. Malam, na gane nufinka, amma mai zawiya yana gama wazifa yake komawa gida wajen iyalinsa, su kuwa waɗannan galibi ba aure, can suke kwana can suke tashi. Tsangaya ta fi burge ni gaskiya, bayan gari, karatu, rubuta littafi da hannu, amma kana faɗa sai a hango allo da tawada, Hajiya za ta ɗauka gardawa na tarar. Gidan fada (wato limamin coci) kuma ya yi ƙanƙanta.

Ni dai na tsaya kan gidan zuhudu, mazaunansa 'yan zuhudu, tunda kalmar ta ɗauko gudun duniyar gaba ɗaya.

Saura rushewar. Kango gini ɗaya ne da rufi ya tafi bango ya rage, kamar babban cocin wajen. Gari guda da aka watse aka bari kuwa kufai ne. To na sake tura mata saƙo: Hajiya, kufan 'yan zuhudu na je. Ta ce to, ka dai sa hula.