Fita kallon tsuntsaye da furannin daji, Mirya ko Gidimuni?

Ɗan Birni: Salamu alaikum jama'a. Mu ne muka yi karo-karo da abokai muna so mu ɗauki mota guda mu fita daji kallon tsuntsaye da furanni, har da ƙannenmu ƴan lakwal, don wallahi abin yana damuna, yaro an haife shi a Damagaram amma bai san gauraka ba sai a hoto. To ina ya fi, Mirya ko Gidimuni? Kuma wane wata?

Mushe Zango: Wa alaikumus salam. Ƙanena ka haɗa abu biyu da ba lokacinsu ɗaya ba. Furanni na damina ne, Agusta zuwa Satumba, lokacin tafasa ta yi rawaya ko'ina, duman kada ya bi bakin ruwa, shamuwa ma tana nan tunda ita da ruwan sama take zuwa kuma da shi take tafiya. Su kuwa baƙin tsuntsaye masu tasowa daga Turai su ƙetaro Sahara sun fi yawa in sanyi ya shigo, daga Nuwamba har Fabrairu. In ka ce dole sai duka biyu a tafiya ɗaya to ku bari sai kaka, Oktoba haka, bado bai gama fure ba kuma baƙin sun fara sauka. Ni Gidimuni zan ce, tafkin babba ne, a 2019 aka sa shi cikin wuraren Ramsar, wato dausayin da duniya ta yarda a kiyaye. Tafkin Lassuri ma yana ciki tun 2005.

Maman Hadiza: Gaskiyar Mushe ne amma ku duba yaran nan fa. Mirya kilomita 18 ce kawai daga Damagaram, ku je ku dawo kafin azahar, garake ga inuwa, balbela da kurciya da carki ba za ku rasa ba. Gidimuni kusan 70 kan hanyar Gure, sai an yi sammako. Kuma don Allah a karɓe ɗanƙo daga hannunsu tun a gida.

Bagidimune: Ku zo wurinmu malam, ɗinya da kirinjijiya da zalɓe duk akwai, ga dabino. Sai dai kachalla ta cinye bakin tafkin a wurare da yawa, in ba ɗan gari ya nuna muku ba za ku yi ta zagaye ba ku ga ruwa ba. Ku fara gaida mai gari da ma'aikatan gandun daji, ku iso bayan asuba don bado rana na yin zafi yake rufewa, tsuntsayen ma su lafe. Kar ku shiga garkar mutane ba sallama, kuma ku sa takalmi rufaffe saboda ƙarangiya.

Ɗan Birni: Madalla, na gode ƙwarai. Mun tsaida Gidimuni, Asabar ta biyu a Oktoba in Allah ya kai mu, ƙananan kuma mu kai su Mirya daga baya. Mushe ko kana da madubin hangen nesa ka ara mana?