Tambaya kan rogon da ake haskawa da nukiliya

Manomi daga Dadin Kowa:
Assalamu alaikum. Ɗana da ke karatun aikin gona a Bauchi ya ce masana suna haska karan rogo da hasken nukiliya domin samo sabon iri. Damuwata ita ce cutar nan da ke murɗe ganye ta yi masa dabbare-dabbaren rawaya, wadda ta rage mini amfani bara. Shin wannan hanya tana maganinta, kuma rogon ba ya cutar da mai ci?

Malamin gona, Gombe:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Hasken nukiliyar da ake kira gama, wanda ake samu daga sinadarin kobal-60, ratsa karan yake yi ya wuce, ba ya zama a cikinsa, balle ya kai ga tukunya. Abin da yake bari shi ne sauyi a ƙwayoyin gado, irin wanda kan auku da kansa jefi-jefi a gona, sai dai a nan ana gaggauta shi ne. Ta haka Gana ta fitar da irin Tek Bankye a 1997, wanda aka zaɓa saboda yana dakuwa da kyau a turmi.

Ɗalibar kimiyyar tsirrai, Bauchi:
Malam ya yi daidai, amma rogo yana ba masana wahala fiye da shinkafa ko dawa, domin da kara ake dasa shi. Kowane idon kara yana ɗauke da ƙwayoyin halitta masu yawa, kuma hasken ba ya sauya su duka iri ɗaya, saboda haka sai an yanka reshen da ya tsiro an sake dasawa sau uku ko huɗu kafin sauyin ya game shukar, alhali kowane zagaye yana cin kusan shekara. Hasken kuma ba ya zaɓe. Galibin abin da ke fitowa tsumburarru ne da ake zubarwa. Baba, kada ku jira wannan a daminar bana.

Malamin gona, Gombe:
Gaskiya ne. Farin ƙuda ne ke yaɗa cutar, sannan kara mai ɗauke da ita. Ku nemi iri mai juriya kamar TME 419, ku kuma tuge duk shukar da ta nuna alama. Daga ina kuka yanko karan bara?

Manomi daga Dadin Kowa:
Daga gonar tawa, Malam, kuma ban duba ganyen ba kafin in yanka.