Waɗanda likita ya ce su fara tattaki saboda hawan jini ko suga, me kuka gani a jikinku?

Abban Sadik, Kano

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Watan jiya aka auna ni aka ce jinina ya hau, 150/95. Likita ya rubuta magani, ya ce in rage gishiri da ɗunƙulen miya, sannan in riƙa tattaki minti 30 kullum. Ni kuwa a Kantin Kwari nake, daga safe har la'asar a zaune kan benci, ko atamfa za a sauko da ita yara ne ke ɗaukowa. Maganin ina sha. Tattakin ne na kasa farawa, don zuciyata ba ta yarda cewa tafiyar ƙafa kawai za ta taɓa jini ba. Wanda ya gwada don Allah ya faɗa mana abin da ya gani, mai daɗi da marar daɗi.

Tsohon Direba, Kaduna

Wa alaikumus salam. Alhaji, ni a kujerar babbar mota na ƙare ƙuruciyata, don haka na san zaman da kake faɗa. Da na fara zagaya Dandalin Murtala bayan sallar asuba, ranar farko lafiya lau na koma gida. Washegari da jibi ne ƙwaurina da cinyoyina suka ɗaure, sai da na dafa bango kafin in miƙe daga tahiyya. A nan mutane da yawa ke ajiyewa, su ce abin bai karɓe su ba. Na rage sauri na ci gaba da fita, kafin mako ya zagayo ciwon ya sake ni. Abin da na fara lura da shi ba ma awon jini ba ne, barci ne. Da can sai in kai ɗaya na dare ina juyi, yanzu bayan isha da kaɗan ido ya yi nauyi. Daga baya kuma hawa benen gidan ɗana ya daina sa ni tsayawa a tsakiya ina haki.

Maman Zahra, Zariya

Ni suga ce ke damuna. Mu mata fita titi da sassafe ba kowane gida ake yarda ba, kuma ko an yarda idon jama'a ma abu ne. Sai na mayar da tsakar gida filina. Da zarar an gama tuwon dare na sa takalmi, daga ƙofar zaure zuwa madafa, in je in dawo, kamar kwata ɗin awa ko fiye. Ina da na'urar awo, na kuma gwada da kaina: daren da na ci tuwon masara na zauna kallo, da daren da na ci irin wannan malmalar na yi zagaye. Awon daren zagaye kullum shi ne a ƙasa. Yanzu kishiyata ma ta shigo, muna yi muna hira, yara na biye da mu.

Abu ɗaya ya dame ni. Sikeli bai motsa ba sam, ko da yake zanina ya fara yi mini yawa a ƙugu.

Malamar Asibiti, Katsina

Maman Zahra, kada sikeli ya karya miki gwiwa, zanin nan ya fi shi faɗa miki gaskiya. Kitsen da ke cikin ciki, wanda ya kewaye hanta da hanji, shi ya fi haɗari ga mai suga, kuma yakan ragu da motsa jiki ko da nauyi bai sauka sosai ba. Abin da kika gani a awo ma yana da dalili. Tsoka idan tana aiki tana jan suga daga jini kai tsaye, ba sai ta jira insulin mai yawa ba, wato sinadarin da ke shigar da suga cikin tsoka, kuma bayan an gama jiki yakan ci gaba da jin insulin da kyau har kwana ɗaya zuwa biyu. Shi ya sa muke cewa masu suga kada su bari fiye da kwana biyu a jere su wuce ba motsi.

Abban Sadik, ga amsarka. Lokacin tafiya jijiyoyin jini suna buɗewa don tsoka ta samu iska, kuma ba sa komawa su matse nan take, jini kan zauna a ƙasa na sa'o'i bayan ka dawo. Idan aka ɗore, lambar sama ta awon jini, wato 150 ɗin nan naka, takan sauka da kimanin maki 5 zuwa 8 ga mai hawan jini. Zuciya kuma tana ƙara ƙarfi, bugu ɗaya ya tura jini fiye da da, sai bugun ya ragu idan kana hutawa. Ni kaina na gani a wuyan hannuna tun da na fara sauka daga adaidaita kafin in isa wurin aiki ina ƙarasawa a ƙafa. Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idojinta na 2020 ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, da kwana biyu na abin da ke ƙarfafa tsoka. Matsakaici shi ne saurin da za ka iya magana amma ba za ka iya rera waƙa ba. Tafiyar rangaji ta zuwa ɗaurin aure ba ta kai ba, Alhaji.

Tsohon Direba, Kaduna

Malama, Allah ya saka. Ɗana ya taɓa karanta mini binciken wani likita a Ingila, Jeremy Morris, na 1953, kan motocin bas masu bene na Landan. Kwandastocin da ke hawa da sauka a matakala duk yini sun fi direbobin da ke zaune ƙarancin ciwon zuciya. Da na ji sai na tuna abokan aikina na tasha da muka binne, da yawansu ba su kai sittin ba. Allah ya jiƙansu.

Ɗan Maraɗi

Amin, Baba. Nawa gargaɗi ne kan zafi. A watan Afrilu na fita da hantsi, ina kan maganin hawan jini mai sa yawan fitsari, ban ɗauki ruwa ba. Ban yi nisa ba ido ya fara rufewa, sai a gindin wani dogon yaro na zauna, wani mai shayi ya kawo mini ruwa. Lokotoro ya ce gumi da maganin ne suka haɗu suka sauke jinin fiye da kima. Tun daga nan a bazara ba na fita sai bayan asuba ko gab da magariba, da gorar ruwa a hannu. Da hunturu kuma ranar da hazo ya yi kauri ina rufe hanci da rawani, in tari ya taso in haƙura in yi a cikin gida.

Ummu Khalil, Gusau

Don Allah ku ji wannan da kyau. Yayana ya fara tattaki, jininsa ya sauka, ya ji daɗin jikinsa, sai ya ajiye maganin da kansa ba tare da ya koma asibiti ba. Mun yi magana ya ce ya warke. Damina ta zo tattakin ya tsaya, maganin kuma bai koma masa ba. Wata safiya aka tashe shi baki ya karkace, hannun dama ba ya ɗaguwa. Yanzu yana takawa da sanda, magana na dawowa a hankali, amma mu muka san abin da muka gani a watannin nan. Likita ne kaɗai zai ce a rage ko a daina.

Malamar Asibiti, Katsina

Allah ya ba shi lafiya, 'yar'uwa, kin faɗi abin da muke fama da shi kullum. In ƙara wasu kaɗan. Wanda ya auna ya ga 180/110 ko sama, ya fara ganin likita kafin ya fita. Wanda ya ji ƙirji ya ɗaure, ko ciwo na gangarowa hannun hagu ko muƙamuƙi, ko numfashi ya sarƙe, ya tsaya nan take a kai shi asibiti. Masu yin allurar insulin ko shan maganin da ke sauke suga da ƙarfi, ku riƙe dabino ko sukari a aljihu. Rawar jiki, gumi mai sanyi da yunwa kwatsam alamar suga ta faɗi ce, a na'ura za ku ga ƙasa da 70, ko 3.9 idan ɗaya ma'aunin take bi.

Maman Zahra, Zariya

Malama, silifas fa? Da shi nake zagayen, don tsakar gidan siminti ne.

Malamar Asibiti, Katsina

A'a Hajiya, ki nemi kambas mai taushi da safa. Suga na kashe jin ƙafa, tsakuwa ko ƙusa za ta iya yankar mutum bai sani ba, kuma ciwon ƙafar mai suga ba ya saurin warkewa. Kowane dare bayan zagayen ki wanke ƙafa, ki tsane ta, ki duba tafin da tsakanin yatsu a wurin haske. Idan ido ba ya kaiwa, ki sa Zahra ta duba miki.