Ƙaro karatu bayan digirin fisiyo: MSc, DPT ko horon ƙwarewa?

Ummu Sadik:

Assalamu alaikum 'yan'uwa ma'aikatan lafiya. Ina da digirin fisiyo, wato aikin gashin ƙashi da motsa jiki, na shekara 5, na gama shekarar sanin makamar aiki da hidimar ƙasa, yanzu ina sashen gashi na wani asibitin jiha. Yawancin masu zuwa wurinmu masu shanyewar ɓarin jiki ne da masu ciwon baya, ni kuma ɓangaren jijiya da ƙwaƙwalwa nake son ƙwarewa a kai. Wasu sun ce in nemi MSc, wasu sun ce DPT ake yayi, wasu kuma sun ce in tara kuɗi in fita waje. Wanne ne zai ƙara mini ƙwarewar hannu? Sannan akwai wata nas a asibitinmu da ke son shigowa fannin, shin za ta iya shiga ta digiri na biyu?

Abu Fatima:

Wa alaikumus salam Malama. Ki fara tantance aikin da kike son yi nan gaba, domin MSc, DPT da horon ƙwarewa ba wuri ɗaya suke kaiwa ba.

MSc digiri na biyu ne, na bincike. Za ki yi zango biyu a aji, ana koyar da dabarun bincike, lissafin ƙididdiga da darussan ɓangaren da kika zaɓa, sannan ki rubuta kundi ki kare shi gaban mai jarrabawa daga wata jami'a. A takarda wata 18 zuwa 24 ne, amma sau da yawa kundin kan ja shi ya wuce haka. Shi ne matakin da ba makawa ga mai son koyarwa ko digiri na uku. Ana yin sa a Jami'ar Bayero ta Kano, da Ibadan wadda ta fara digirin fisiyo a Najeriya a 1966, da Legas, da Ile-Ife, da reshen Jami'ar Najeriya da ke Enugu. Abin da za a nema kusan ɗaya ne ko'ina: digiri mai daraja ta biyu aƙalla, kiredit 5 na sakandare har da Turanci da lissafi, takardar hidimar ƙasa, lasisi mai rai daga MRTB, hukumar da ke rajistar masu fisiyo, da cikakken sakamakon digirinki wanda tsohuwar jami'arki za ta aika kai tsaye. Wannan na ƙarshen shi ya fi kayar da mutane, ki nema tun kafin a fara sayar da fom. Idan kina hangen digiri na uku, kada makinki ya faɗi ƙasa da 3.5 cikin 5, wasu jami'o'in ma sun fi haka tsanani.

DPT kuwa digirin farko ne na shekara 6 da ke maye gurbin na shekara 5. Wanda ake tallata wa masu tsohon digiri cike gibi ne tsakanin tsohon tsari da sabo, da darussa irin su karanta hoton ƙashi, sanin magunguna da rarrabe cutar da ba ta fisiyo ba. Yana da amfani, amma ba ya zama madadin MSc wurin neman koyarwa, kuma ba digirin digirgir ba ne.

Ƙwarewar hannu da kike tambaya ta fi kusa da tsarin NPPCN, kwalejin horon ƙwarewa ta masu fisiyo a Najeriya, inda ake horo a asibiti ƙarƙashin ƙwararre tare da jarrabawa mataki-mataki. Kafin ki biya kuɗi ki tambayi hukumar asibitocin jiharku a rubuce ko tana lissafa wannan shaida wurin ƙarin girma. Kuma ko wanne kika zaɓa, ki sami takardar hutun ƙaro karatu tukuna. Wanda ya tafi karatu ba da izini ba yakan dawo da shaida a ƙi saka ta a fayil ɗinsa.

Hajiya Binta, malamar jinya:

Game da 'yar'uwarmu nas, gara a faɗa mata gaskiya tun yanzu. A Najeriya digiri na biyu ba ya ba mutum lasisin sana'ar da bai karanta ba. Hukumar MRTB, wadda doka mai lamba 38 ta 1988 ta kafa, ita ke rajistar masu fisiyo, masu koya wa majiyyaci ayyukan yau da kullum, masu gyaran magana da ji, da masu haɗa gaɓoɓin roba, kuma digirin farko na sana'ar take dubawa. Ko nas ta yi digiri na biyu mai sunan farfaɗo da majiyyata, nas ce a idon doka.

Wannan bai rufe mata ƙofa ba. Akwai kwas na bayan rajista a jinyar ƙashi, kamar wanda ake yi a Asibitin Ƙashi na Dala da na Igbobi a Legas, ƙarƙashin hukumar jinya da ungozoma. Kuma babban rabon farfaɗowa a hannun nas yake: juya mai shanyewar jiki duk bayan awa 2 don kada gyambon kwanciya ya kama shi, kula da mafitsara da bayan gida ga mai raunin laka, gwada haɗiya kafin a ba mai shanyewar ɓarin jiki abinci, da tallafe kafaɗar da ta shanye. Sau nawa dangi ke jan majiyyaci ta hannun da ya mutu har kafaɗar ta goce? Nas ɗin da ta san wannan tana rage wa fisiyo aikin watanni.

Idan kuwa fisiyon take so dole, sai ta koma ta shiga digirin farko.

Ummu Sadik:

Allah ya saka da alheri. Na karkata ga MSc a ɓangaren jijiya. Me ke sa kundin ya ja lokaci haka, kuma yaya zan kauce masa?

Dakta Sani:

Malama, girman batun da ɗalibi ya ɗauko ne. Kusan kowa na son gwada magani a kan rukuni biyu na majiyyata, ba tare da ya zauna ya yi lissafi ba. Ɗauki mutum 40, kowa zama 3 a mako, har mako 8. Zama 960 ke nan, idan kowane minti 45 ne kin sami awa 720, ke kaɗai, kina kuma zuwa aiki. Ga shi majiyyacinmu daga ƙauye ake ɗauko shi a mota, idan kuɗin mota ya ƙare ko damina ta faɗi ko azumi ya kama sai ya daina zuwa. Dole ki ƙara kashi 10 zuwa 20 a kan adadin da lissafi ya ba ki saboda masu janyewa, kuma ki duba rajistar asibitinku ki ga sababbin masu shanyewar ɓarin jiki nawa ke zuwa a wata kafin ki yi alkawarin adadi.

Jerin aikin shi ne: amincewar sashe da batun, kare shawarar bincike, izinin kwamitin ɗa'ar bincike na asibitin ko na ma'aikatar lafiya ta jiha, sannan tattara bayanai. Duk abin da kika tara kafin izinin kwamitin ba a karɓarsa. Idan gwajin magani ne, ki yi masa rajista a PACTR, rajistar gwaje-gwajen magani ta Afirka, kafin majiyyaci na farko ya shiga, domin da yawa daga cikin mujallu masu daraja ba sa buga wanda aka yi wa rajista daga baya.

Sai ma'aunin da za ki auna majiyyatan da shi. Na Berg mai auna daidaiton tsayuwa yana da gwaji 14, kowane maki 0 zuwa 4, jimla 56, kuma ke ce mai dubawa, don haka harshe ba ya shiga ciki sosai. Takardar tambayoyi ita ce matsala. Kada ki riƙe ta Turanci kina fassara wa majiyyaci da baki, kowane mutum zai ji tambaya daban. Wasu, kamar Oswestry ta ciwon baya, suna da ta Hausa da aka tantance. Wadda ba ta da shi kuwa, mayar da ita Hausa kundi ne mai zaman kansa, kuma a ganina ya fi dacewa da mai aiki: mutum 2 su fassara kowa daban, a haɗe, wasu 2 da ba su ga asalin ba su mayar Turanci, kwamitin masana ya daidaita, a gwada a kan mutum 30 zuwa 40, sannan a maimaita bayan kamar mako guda a ga ko amsa ta tsaya. Ki saka masu karin harshe fiye da ɗaya a gwajin, kuma ki tanadi mai karanta wa waɗanda ba su yi boko ba.

Wurin zaɓen malamin da zai duba aikinki, ki tambayi ɗalibansa na baya tsawon lokacin da babi ke yi a hannunsa.

Abu Fatima:

Saura batun fita waje. A Ingila MSc ɗin fisiyo iri biyu ne: na shekara 2 ga wanda bai karanci fisiyo ba, da na shekara 1 ga mai sana'a irinki. Na biyun ba ya ba da izinin taɓa majiyyaci a can, sai kin yi rajista daban da HCPC, hukumar da ke rajistar masu fisiyo a can, ita kuma tana neman maki 7.0 a jarrabawar Turanci ta IELTS ba tare da wani sashe ya gaza 6.5 ba. Tallafin karatu na Chevening, na gwamnatin Birtaniya, na neman aikin shekara 2, wato awa 2,800, da alkawarin dawowa gida na shekara 2. Kuɗin TETFund, asusun tallafa wa ilimi mai zurfi, na malaman manyan makarantun gwamnati ne, ma'aikacin asibitin jiha ba ya ciki.

Afirka ta Kudu ta fi sauƙin kuɗi. Jami'ar Stellenbosch na da cibiyar nazarin naƙasa da farfaɗowa mai karɓar ma'aikatan lafiya na sana'o'i daban-daban, wannan ma zai iya yi wa nas ɗin idan tsara ayyuka da bincike take so. Sai SAQA, hukumar tantance shaidar karatu ta ƙasar, ta tantance takardunki tukuna, ki ba wa wannan wasu watanni a lissafinki.