Waya, tablet ko ƙaramar laftof: wacce ce ba ta daskarewa a burauza?

Ummu_Hanan: Assalamu alaikum 'yan uwa. Aikina gaba ɗaya a cikin burauza yake: cike dogayen fom da wani teburin lissafi da ake buɗewa ta intanet, ba shi da manhajar da ake saukewa. Da zarar teburin ya yi tsawo sai wayata ta daskare, in danna abu in zauna ina kallonta. An ce min ba laifin sabis ba ne, JavaScript ɗin shafin ne, wato umarnin da ke sa shafi ya yi aiki a cikin burauza, ya fi ƙarfinta. Guda ɗaya zan iya saya: sabuwar waya, tablet, ko ƙaramar laftof ta hannu. Yawo nake da ita, saboda haka nauyi da batir suna gabana. Don Allah wanda ya taɓa gwada shafi ɗaya a na'urori daban-daban ya gaya min abin da ya gani.

Sarkin_Caji: Ki sauke manhajarsu kawai ki huta.

Ummu_Hanan: Malam, ai na ce ba su da ita.

Baban_Sadik: 'Yar uwa, ko kyauta aka ba ki tablet mai araha, ki yi godiya ki mayar. Ni aka yi wa daɗin baki: ƙwaƙwalwa takwas a firosesa, ram kamar me, allo kamar faifai. Ranar da na fi buƙatarta ina cike fom ɗin neman aiki da za a rufe ƙarfe 12 na dare. Shafi biyar na wuce lafiya, ina zuwa wurin zaɓen makarantu sai ta ƙame. In taɓa allo, shiru. Can burauza ta ce shafin ba ya amsawa, in jira ko in rufe. Na jira, ta sake lodi da kanta, duk abin da na rubuta ya tafi. Sau uku ana haka, bayanta ya yi zafi har ba ya riƙuwa. Kafin ƙanena ya iso da tsohuwar laftof ɗinsa an rufe. Wallahi har yau in na ganta a hannun yara suna kallon katun sai raina ya ɓaci.

Injiniya_B: Allah ya musanya maka da mafi alheri, Baban Sadik. Ƙwaƙwalwa takwas ɗin ba ƙarya suka yi maka ba, ba su dai gaya maka sauran zancen ba. Yawancin aikin JavaScript na shafi a layi ɗaya yake tafiya, kan ƙwaƙwalwa ɗaya, kuma a wannan layin ake amsa taɓawar da ka yi wa allo. In ɗayar nan ba ta da ƙarfi, sauran bakwai 'yan kallo ne. Ga zafi kuma: waya da tablet ba su da fanka, in suka ɗau zafi firosesa da kanta take rage gudu. Hajiya, kafin ki biya ki buɗe browserbench.org a kan na'urar ki gudanar da Speedometer, awon saurin burauza, sau biyu ko uku a jere, ki ga ko makin zai faɗi.

Sarkin_Caji: Na taɓa yi, wayata ta ba ni sama da 100.

Dan_Kwalisa: Haba! Tawa ta fi taka sabunta amma ko 10 ba ta kai ba. Ko dai an cuce ni ne?

Injiniya_B: Ba awo ɗaya kuka yi ba. Speedometer 2 na 2018 ma'auninsa daban, na 3 da ya fito a 2024, wanda Apple da Google da Microsoft da Mozilla suka haɗa hannu a kai, makinsa ƙanana ne. Ba a kwatanta su. Kuma in wayar tana kan tsarin tsimin batir, makin zai iya sauka.

Baban_Sadik: Ni da na san da wannan awon, da a gaban mai kantin zan yi shi.

Maman_Iman: Ni dai a iPhone ɗina na bar Safari na koma Chrome, kuma na ga ya fi sauri nesa ba kusa ba.

Injiniya_B: Hajiya, riga ce kawai aka sauya. A iPhone, Chrome ma kan WebKit, injin burauza na Apple, yake tafiya, kuma injin da ke sarrafa JavaScript, wato JavaScriptCore, ɗaya ne da na Safari. Sai a 2024 dokar Tarayyar Turai ta sa Apple ta buɗe ƙofa ga wasu injina, a ƙasashensu. V8, injin JavaScript na Chrome, sai a Android da kwamfuta, shi ne kuma a cikin Edge da Samsung Internet. Firefox ne mai nasa daban, SpiderMonkey.

Maman_Iman: To idona ne ya yi min ƙarya ke nan?

Usta_Maigyara: Ku rabu da lissafin boko. Shekara 11 ina buɗe cikin waya, ban taɓa ganin wanda maki ya cike wa fom ba. Su kansu Google ai sun ajiye nasu awon, Octane, a 2017, don sun ga ana gyara inji ya ci jarrabawa, ba ya yi aikin mutane ba. Ta tafi da shafinta ta buɗe a kan duk abin da za ta saya, shi ne awo.

Injiniya_B: Usta, abin da ya sa aka koma Speedometer ke nan, shi yana kwaikwayon danne-dannen mutum ne. Amma na yarda, ta gwada shafinta ma.

Usta_Maigyara: Ka yarda bayan ka cika mana waya da sunayen birai.

Dan_Kwalisa: Biri mai gizo-gizo a cikin Firefox, shi ya sa tawa take tsalle daga shafi zuwa shafi 😂

Sarkin_Caji: Ki sa Opera Mini, ba ya cin data.

Usta_Maigyara: Kada ki soma. A tsarinsa na matse data, sabar kamfanin ce ke sarrafa shafin ta turo miki hotonsa, fom mai motsi ba zai yi aiki daidai ba.

Baban_Sadik: Ni fa yanzu da na yi tunani, laifin masu gina shafukan ya fi yawa. Suna zaune gaban manyan kwamfutoci, komai na buɗe musu nan take, ba su taɓa gwadawa a ƙaramar waya ba. Fom na suna da adireshi me zai yi da duk wannan kaya?

Maman_Iman: Ga tallace-tallace. Labari mai layi goma, bidiyo uku na kunna kansu, kana karatu rubutun ya zame ƙasa ka danna abin da ba ka yi niyya ba.

Ummu_Hanan: Na gode ƙwarai. Amma har yanzu ba wanda ya ce min komai kan batirin laftof ta hannu. Awa nawa zan samu?

Dan_Kwalisa: Maman Iman, ni wanda ya fi ƙona min rai shi ne mai ɗan gicciyen rufewa da yatsa ba ya iya kamawa. Jiya sau huɗu ina danna shi yana kai ni wani shafin.