Wane suna za mu ba wa "air rifle" da Hausa?

Jama'a, ina neman bakin maharba da maƙera da malaman Hausa na Samaru. Akwai bindigar da Turawa ke kira air rifle, wadda ba ta cin albarushi ko kaɗan. A nan Zariya wasu na ce mata bindigar tsuntsu, wasu bindigar wasa, wasu kuma su ce ƙaramar bindiga kawai su wuce. Ina so mu tsayar da suna ɗaya, domin rashin sunan kirki ne yake sa ana lalata 'yan tsofaffin bindigogin da suka rage a ɗakunan iyayenmu.

Ga yadda take aiki, don a san abin da ake raɗa wa suna. Bayan bututun akwai silinda, a cikinta akwai sifirin mai kauri da fistin. In ka karya bututun ƙasa, sifirin zai takure, kunama ta riƙe shi. Da ka ja kunama sai fistin ya zabura gaba, ya matse iskar da ke gabansa, ta fita ta wata 'yar kafa ta tunkuɗa ƙwayar darma. Kamar famfon keke ne, har da 'yar fatar da ke bakin fistin tana hana iska zurarewa.

Bindigar wasa dai mu binne shi tun yanzu. Tana kashe kurciya da gafiya, tana tsiyaye ido, kuma dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta sa ta cikin bindigogin da sai da lasisi ake riƙe su. Duk gidan da ake ce mata wasa, a hannun yaro take ƙarewa. Bindigar tsuntsu ya fi dama, amma aikinta ya faɗa, bai faɗi yadda take ba, kuma ana harbin tsuntsu da bindigar toka ma.

Wani dattijo a Tudun Wada ya kawo bindigar famfo. Na so shi ƙwarai, sai dai a ƙasar nan da an haɗa famfo da bindiga hankali zai tafi ga waccan babbar ta 'yan banga da ake ja wa hannu gaba da baya, mai cin harsashi. Ruɗanin da zai iya jawo wa mutum matsala a shingen bincike ba abin ɗauka ba ne.

Saura bindigar iska. Wani malami ya ce mini, "Malam, ka manta da ɗan iska da zancen iska? Za a ji kamar bindigar banza kake nufi." Maganarsa tana kan hanya. Amma kullum muna cewa a ba taya iska, a sha iska, iskar gas, ba wanda ya fahimci wani abu daban. Ni a nan na tsaya, domin sunan yana gaya wa mai gyara cewa lafiyarta duk tana wajen riƙe iska, ba wajen wuta ba.

Na ga abin da rashin sanin haka yake yi. An kawo wata tsohuwar bindiga ƙirar kamfanin Diana wurin wani mai gyara a Sabon Gari, ƙarfinta ya mutu. Ya ɗauke ta kamar adaka: ya ɗura baƙin mai ta kafar iska, ya yi ta harbawa babu ƙwaya a ciki. Ƙara ta tashi, hayaƙi ya fito, aka ce ta warke. Alhali matsin ne ya zafafa iskar har man ya kama wuta, irin yadda injin dizal yake tashi. Da aka buɗe, fatar fistin ta ƙone ta yi baƙi tana marmashewa a tafin hannu, sifirin ya karye gida biyu. Gyaranta na gaskiya mai sauƙi ne: baduku ya yanko sabuwar fata daidai faɗin silinda, a jiƙa ta da man tausasa fata, a sa sabon sifirin. Sai dai a kula, sifirin a matse yake ko ba a ɗana ba, ba a kwance shi sai an danne bayan silindar da maɗauri.

Kafin a taɓa ta da sanfefa, a karanta jikinta, don rubutun ba shi da zurfi, goga ɗaya ke share shi. Diana kamfanin Jamus ne da aka kafa a garin Rastatt a 1890, tambarinsa mace ce ta yar da baka ta ɗaga bindiga. Bayan yaƙin duniya na biyu an kwashe injinansa zuwa Birtaniya, shi ya sa za ka ga Diana ƙirar Sikotilan. BSA kuwa ta Birmingham ce, tambarinta bindigogi uku a jingine da juna. Cikin ƙirarta, Airsporter ta fito a 1948, Meteor a 1959. Lambar .177 ko .22 da ke gindin bututu faɗin ƙwaya ce, wato milimita 4.5 ko 5.5. Tsatsa kuma soson ƙarfe mai laushi da ɗan man keken ɗinki sun ishe ta.

Na riga na yi ta cewa ƙwayar darma maimakon harsashi, da gangan, tunda ba ta da kwanso ba ta da albarushi. Inda nake jiran ku shi ne wancan kamun wutar da mai yake yi a silinda. Wani makanike ya ce tashin dizal, ni na fi karkata ga ƙunar mai. Maƙeran cikin birni, ya kuke ce masa?