Musayar Waƙa: Morishus, Tsibirin Salla da Fasfo

Malam Sani:
Salamu alaikum. Ga baitocina, mai amsa ya amsa.

Morishus 'yar tsibiri, tekun Indiya ya kewaye ta,
Tun 1968 ƙuri'a ke naɗa shugabanninta.
A Fot Luwis ladan na kira daga masallacin Juma'arta,
Hindu na tattaki zuwa Ganga Talawo, tafkin ibadarta,
Sallah da Diwali da Kirsimeti duk hutu ne a dokarta.

Hajiya Binta:
Malam, na ji yabonka, ban ce ka yi ƙarya ba,
Amma da ka leƙa masaƙa, ba ka ga ɗan Bangaladash ba?
Ya sai da gonar gado, dillali bai rage masa sisi ba,
Ya sauka da bashi a wuya, albashin alkawari bai gan shi ba.
Fasfonsa na hannun mai gida, ya roƙa ba a ba shi ba,
An bar shi ya yi salla, ba a bar shi ya koma gida ba.

Ɗanjuma:
Yaya Binta, kin sosa mini inda ke ƙaiƙayi.
Dutsen Le Morne shaida ne, can ne maɓoyar gudaddun bayi.
A 1835 aka kwance sarƙa, gonar rake na neman mai yi,
Sai jirage daga Indiya, da 'yan ƙodago kusan rabin miliyan, layi-layi,
Suka hau matakalar tashar Aapravasi Ghat da kwantiragin tsautsayi.
Jikokinsu ke mulki yau, wa zai koya musu ɗacin wannan yanayi?

Malam Sani:
Hajiya, na karɓi gyara.
Dokar hana fataucin mutane tun 2009 aka tsara,
Sai dai baƙon da bai jin Kiriyol, ina zai kai ƙara?
In ya tsere daga masaƙa, shi ake kamawa a kora.

Hajiya Binta:
Ga 'yan matan Madagaska, an yi musu romon baka da aiki,
Suka sauka aka mai da su haja, mai kuɗi ya zaɓa ya yi ciniki.
Ku yi haƙuri in na zafafa, abin nan ya taɓa ni a jiki:
Ƙanwata ta je aikatau wata ƙasa, shekara biyu cikin baƙin ciki,
Ba fasfo, ba waya, mu nan muna ta addu'a da sauraron taki,
Ta dawo da jaka ɗaya, har yau ba ta iya kwana ita kaɗai a ɗaki.